Na kai hotuna huɗu wanki da firam a Jos: ga yadda muka kwashe

Shekara uku ke nan ina ɗaukar hoto da waya, amma ban taɓa ganin ko ɗaya a kan takarda ba sai bana. Uwargida ce ta tunzura ni. Mun yi wa falo fenti bayan ƙaramar Salla, bango ya yi fari fat kamar na asibiti, sai ta ce ko dai in kawo duwatsun nan da nake yini ina nuna wa mutane a waya, ko kuma ta sayo hoton furen roba irin wanda ake talla a Taminus. Na san ba wasa take yi ba.

Guda uku na zaɓa daga cikin nawa: dutsen Riyom da yamma, lokacin da rana ta kusa faɗuwa, tsaunukan Shere cikin hazon hunturu, da wani kududdufin tsohon haƙar kuza a wajen Rayfield, ruwansa kwance luf. Na huɗun ba ni na ɗauka ba. Hoton marigayi mahaifinmu ne, yana tsaye a ƙofar shagonsa cikin babbar kasuwar Jos, tun kafin gobarar 2002 ta cinye ta. Shi kaɗai ya rage mana na shagon, kuma ya koɗe ya koma ja-ja kamar an jiƙa shi da ruwan goro.

Shagon da na je yana tsakiyar gari, a saman bene, sai ka bi wata matattakala mai duhu da ƙaurin janareta. Wani abokin aikina ne ya yi min kwatance, ya ce a can aka wanke hotunan bikin ƙanwarsa. Mutum biyu ke riƙe da wurin: wani saurayi mai saurin hannu a kan kwamfuta, da wani dattijo da ya ce tun zamanin fim yake wannan sana'a. Ku riƙe wannan bambancin, domin kusan duk sharhina a kansa ya rataya.

Ranar farko saurayin na tarar. Ya ce in turo ta WhatsApp, na turo, ya danna, cikin minti goma ya miƙo min dutsen Riyom a girman inci 8 da 12. Na karɓa, gabana ya faɗi. Wanda ya san wannan dutse ya san duk kyansa a saman yake, inda duwatsu suka hau kan juna kamar da hannu aka ɗora su. To, inji ya fille wa na saman kai. Sararin sama kuma, da yake launin lemo a wayata, ya fito da wasu gidaje-gidaje kamar saƙar tabarma. Na ce, "Ɗan'uwa, ai ba haka yake ba." Ya ce, "Oga, abin da ka turo ke nan."

Haushi ya hana ni yarda a lokacin, amma rabin maganarsa gaskiya ce. Washegari da safe na koma na sami dattijon, shi ne ya zaunar da ni a kan benci ya warware min da biro a bayan rasit. Wayata tana ɗaukar hoto mai ɗigo 4000 a tsawo, 3000 a faɗi. Hoton da za a riƙe a hannu a duba, ana son kowane inci ya sami ɗigo wajen 300. Idan ka tura ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi ya dawo wajen 1600 a tsawo, don kada ya ci data. A fuskar waya ba za ka gane ba. A kan takarda mai inci 12 kuwa, ɗigo wajen 133 kacal kowane inci zai samu, shi ya sa ake ganin saƙar nan. Maganin abin ba wuya: ka tura shi a matsayin fayil, ko ka zo da shi a filash, ko a jona wayar da kwamfuta kai tsaye.

Fille kan dutsen kuma daga girman takarda ne. Hoton waya yawanci huɗu ne bisa uku, ita kuwa 8 da 12 uku ce bisa biyu, saboda haka dole a yanke wani abu daga sama ko ƙasa, kuma idan ba ka ce komai ba inji zai yanke inda ya ga dama. Dattijon ya ce in koma 12 da 16, wanda ya yi daidai da sifar hoton waya ba tare da an taɓa ko gefe ba, kuma kowane inci zai sami ɗigo 250, wanda ya ishi abin da za a kalla daga nesa a bango. Duk wannan bayanin bai kai minti biyar ba. Abin da ya dame ni shi ne, me ya hana saurayin yi min shi jiya, kafin ya karɓi kuɗina?

Abu na biyu da dattijon ya yi, wanda ya sa na ba shi girmansa, shi ne ya ƙi wanke manyan kai tsaye. Ya fara fitar da ƙanana masu inci 4 da 6, ya ce in fita baranda in duba su a hasken rana. Duk sun fi yadda na san su duhu. Ya yi dariya ya ce, "Malam, wayarka fitila ce, takarda kuwa sai an haska ta." Ya ƙara musu haske kaɗan, ya buɗe inuwar da ke gindin dutsen har ciyawa ta bayyana, ya sake fitar da gwaji. Sai a na uku muka tsaya. Kuɗin ƙananan nan gaba ɗaya bai kai na babba guda ba, kuma shi ne kuɗin da na fi morewa a duk hidimar.

Inji biyu gare su. Akwai mai wanki da sinadari a kan takardar hoto ta asali, akwai kuma mai feshin tawada na manya-manyan hotuna da na kyalle. Na tambayi irin tawadar, domin ta rini tana saurin koɗewa, ita kuwa mai ƙwayar launi ta fi jure haske. Saurayin ya ce "orijinal ce," daga nan bai ƙara ba. Na zaɓi na sinadarin, tunda girman da nake so yana shiga cikinsa. A kan takarda muka ɗan yi musu. Dattijon ya ce abin da za a sa a bayan gilashi gara marar sheƙi. Na yarda a kan Shere da kududdufi, amma na kafe sai mai sheƙi a kan Riyom, don launin yammacin ya fi tashi. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Kai ke da kaya."

Hoton Baba ya fi komai cin lokaci. Sun ɗauke shi da na'urar sikan a ɗigo 600, wanda ya ba da damar ninka girmansa zuwa 8 da 12 ba tare da ya watse ba. Da dattijon ya sauka salla, saurayin ya ce bari ya "gyara" min shi da wata manhaja. Ya gyara kuwa. Fuska ta yi sumul kamar ta jariri, ido ya ƙara girma, kuma billen da ke kuncin Baba na hagu ya ɓace, manhajar ta ɗauka tabo ne. Na kalli wani kyakkyawan mutum da ban taɓa sani ba, sanye da hular mahaifina. Ban iya magana ba sai da dattijon ya dawo. Ya leƙa, ya ce, "Mayar masa da ubansa." Shi ya zauna da kansa, ya rage jan da ya rufe hoton har rigar ta koma shuɗiyar da na tuna, ya share ƙura da 'yan ɗige-ɗige, ya bar bille, ya bar ma lanƙwasar da ke kusurwa inda Hajiya ta daɗe tana ajiye shi cikin littafi. A bayan Baba har ana iya ganin jerin bandiran atamfa.

To, zuwa nan yabo ne. A wajen firam aka ɓata rawa da tsalle.

Ashe ba su suke haɗawa ba, wani kafinta suke ba wa a wajen Katako, kuma ba wanda ya gaya min sai da na matsa. Na biya rabin kuɗi kafin alƙalami, aka ce in zo Alhamis. Na zo Alhamis, aka ce ba wuta. Na zo Litinin, aka ce gilashi ya fashe a Keke. Sai a rana ta goma sha biyu na karɓa, alhali kuɗin firam ɗin ya ninka na wankin kusan sau uku. Daga gaba ba laifi, baƙin katako siriri yadda na ce. Da na duba kusurwa sai na ga biyu ba su haɗu ba, an cusa wani abu an shafe da baƙin fenti. Da na juya baya kuwa, kwalin taliyar yara ne aka yanka, har rubutunsa na nan, aka liƙe da salatif ɗin da ake ɗaure kaya. Kuma an danne hoton kai tsaye a jikin gilashi, ba tazara ko ta gashi. Na yi ƙorafin kusurwa, aka rage min ɗan abu, na kwashe na tafi don na gaji da hawa benen.

Wanda ke zaune a Jos ya san watan Agusta. Gari ne da ke sama da mita 1,200 daga teku, ruwa sai ya kwana uku yana zuba, wanki ya ƙi bushewa, takalmi ya yi funfuna a ƙarƙashin gado. Riyom na rataye a bangon da ke jingine da waje. Wata safiya uwargida tana shara ta kira ni. A tsakiyar sararin saman hoton wani tabo ya fito kamar an ɗiga mai, girman tafin hannun yaro. Danshi ya shiga, fuskar takardar mai sheƙi ta yi laushi ta manne da gilashi. Na yi gangancin ɓamɓarowa, launin ya biyo gilashin ya bar fari. Sauran biyun marasa sheƙi, a bangon ciki, ko gezau.

Na mayar da shi ina shirin rigima, ban samu abokin yi ba. Dattijon ya juya firam ɗin, ya ga kwalin taliya, ya yi shiru, sannan ya ce laifi biyu ne, nasu da nawa, amma nasu ya fi yawa. Ya sake wanke min kyauta, wannan karon marar sheƙi, ban ce uffan ba. Ni kuma na biya kuɗin farin kwali mai kauri da ake yanka masa taga a tsakiya a zagaye hoton da shi. Da ina ɗauka ado ne kawai. Aikinsa na gaskiya shi ne ya raba takarda da gilashi, ko da tazarar milimita biyu ce. Ya canza bayan da allo siriri, ya ce in manna 'yan guntayen roba a kusurwoyin ƙasa don iska ta riƙa bi tsakanin firam da bango, kuma in nisanta shi da tagar yamma, domin rana ba ta barin launi. Da na tambaye shi me ya sa ba haka suke yi wa kowa ba, sai ya ce mutane farashi suke tambaya, ba bayan firam ba. Ban gamsu ba. Ai ba a ba ni zaɓin ba balle in ƙi.

Saboda haka ga matsayina. Wanki, zan koma, kuma zan tura mutum, da sharaɗin ya je da safe lokacin da dattijon yake nan, ya tafi da asalin fayil, ya nemi gwaji ƙarami. Idan tsohon hoto ne na iyaye, ya tsaya a kansa har a gama. Firam kuwa, ko dai ka faɗi komai dalla-dalla a rubuta a rasit, wato kwalin gefe, allon baya da ranar karɓa, ko ka karɓi hotonka a cikin ambulan ka nemi mai firam da kanka, wanda za ka ga aikinsa ka juya bayansa tukuna.

Yanzu ukun suna jere a falo, tsakiyar kowanne wajen santimita 150 daga ƙasa, daidai idon mai tsayuwa. Ƙusar kankare biyu na lanƙwasa kafin ta uku ta shiga, fentin ma ya ɗan ɓare, firam ya rufe. Na Baba ba ya cikinsu. Da Hajiya ta zo ta gan shi, ta riƙe shi ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa a kan billen ta cikin gilashi, sannan ta ce ba za a rataye hoton mutum a inda ake salla ba. Ta naɗe shi a mayafinta ta tafi da shi gida. Ranar Asabar zan sake hawa benen nan in wanko wani, kuma ƙannena biyu sun riga sun ce in haɗa da nasu.