Masu gyaran lambun da suka yi mana aikin filin shaƙatawa na unguwa a Jos

Mutane da dama sun tambaye ni su wa suka gyara mana ɗan filin shaƙatawar nan na bakin kududdufi, kuma ko za su iya ɗaukar su aiki. Amsa a taƙaice: eh ku ɗauke su, amma ku rubuta komai a takarda kafin ku ba da ko sisi. Ni ne ma'ajin kwamitin unguwa, duk kuɗin ta hannuna ya bi, don haka abin da zan faɗa na gani ne da idona.

Ga wanda bai san irin wurin ba, tsohon ramin kuza ne da ruwa ya cika, irin waɗanda suka cika Jos da Bukuru tun da Turawa suka fara haƙa a farkon shekarun 1900, gefensa tudun ƙasar da aka tono da bishiyoyin turare a jere. Hanyar da mutane ke bi su zagaya ruwan ta zama kwari, damina ɗaya ta cinye rabinta, kuma kun san ruwan Jos na Yuli da Agusta ba ya wasa. Mu abin da muka je nema intalok ne, a shimfiɗa mana a wuce wurin.

Ogan nasu, wani dattijo mai gidan rainon shuke-shuke a bakin titi da yaransa lebura, ya ƙi. Ya ce sai an yi ruwa zai zo ya duba, mu muna ganin yanga ce kawai. Ranar da aka tsuga ruwa sai ga shi da lema da takalmin roba yana bin ruwan daga saman tudu yana kafa ƴan tsinkaye duk inda ya ga ya karkata, ya ce min "Ma'aji, in ba a ba ruwa hanyarsa ba, taku zai bi, intalok ɗin ma zai kwashe." Wannan shi ne abin da ya sa na ce ku ɗauke su, sun san ruwa.

Abin da suka yi da hanyar ya burge ni sosai. Inda take gangarowa tsaye daga tudu sun canza ta ta koma tana lanƙwasa dama da hagu, ta ƙara tsawo amma tsofaffi ma suna hawa ba sa haki. Sun zuba jan marmara suka daddaɓe, tsakiya ya ɗan fi gefe tudu don ruwa ya zame, sannan duk bayan ƴan taku sun jera dutse a karkace ya ratsa hanyar, rabinsa a binne, in ruwa ya taho ya daki dutsen sai ya fita gefe ya shiga ciyawa ƙarfinsa ya mutu. Dutsen ma ba daga nesa aka kawo ba, wajen masu fasa dutse na kusa da mu aka saya. A bakin ruwan kuma sun dasa jema layi-layi da gamba a bayanta, saiwar jema zurfi take yi tana riƙe ƙasa tamau kamar an ɗinke ta. Damina ta zagayo ta wuce hanyar tana nan, wuri ɗaya ne kawai ya ɗan zaizaye kusa da kwalbati suka zo suka ƙara dutse.

Rigimar da aka yi a kan bishiyoyin turare ce. Shi ogan so yake a rage su, ya ce bishiyar Ostireliya ce aka kawo aka shuka a filayen kuza don ta rufe ƙasa da sauri, ta yi aikinta amma ka duba ƙarƙashinta ba abin da ke fitowa sai busasshen ganye. Dattawan da ke zama a inuwa da yamma suka ce ba su yarda ba, kuma ni ma ina bayansu a nan, ba za ka sare inuwar yau saboda dashen da sai nan da shekaru zai yi inuwa ba. Aka tsaya a kan a cire ƙananan da suka cunkushe a bar manya, itacen aka sayar wa masu gini kuɗin ya shiga asusu. A gurbinsu ya dasa ɗorawa da baure da maɗaci da ɗinya da kanya, da malmo can ƙasa wajen danshi. Na tambaye shi me ya sa ba fulawa mai kyau irin ta gidajen Rayfield, ya ce fulawa sai da ban ruwa kullum, baure kuwa in ya fara ƴaƴa tsuntsaye da kansu za su kawo mana irin wasu itatuwan su zubar. Ashe yana yawan zuwa dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta Jami'ar Jos take, can yake ganin abin da ke fitowa da kansa a kan irin duwatsunmu. Wallahi da yawanmu a garin nan ba mu san ma akwai wurin ba, Wildlife Park da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Gomwalk kaɗai muka sani.

Kowane dashe sun zagaye shi da waya saboda awaki, maɗacin kuma ya ce ko ya girma kar mu cire wayar, don masu neman sassaƙe na magani za su feɗe shi tsaf.

To yanzu ga inda suka ba ni haushi. Na farko jinkiri, aikin da aka ce kafin damina ta yi nisa an gama shi ya kai mu har ƙarshenta, yau a ce tifa ta lalace gobe a ce yaran sun tafi wani aiki, ka kira waya ta yi ta ringi ba a ɗauka sai dare ya kira ka yana ba da haƙuri. Wannan jinkirin ne ya sa dashen ƙarshe ya shiga ƙasa ruwa na ɗaukewa, hunturun Jos ya sauka a kansu, garin da ke kan tudu sama da mita 1,200 daga matakin teku ai sanyinsa da iskarsa ba sa raga wa ƙaramin tsiro, ɗorawa da yawa suka bushe. Da baki ya ce ban ruwan rani yana cikin kuɗin, da lokaci ya yi ya ce shi cewa ya yi zai nuna wa yaranmu yadda ake yi. Babu takarda, da me za ka kama shi? Haka matasan unguwa suka riƙa ɗibar ruwa da jarka daga kududdufin, Allah Ya saka musu.

Kuɗi ma haka, farashinsa bai kai na masu intalok ba ko kusa, amma ana tsakiyar aiki ya dawo da ƙari wai man dizal ya tashi kuɗin tifa ya ƙaru. Gaskiya ne ya tashi, ban musa ba, sai dai ni ne zan tsaya gaban mutanen da suka yi karo-karo in yi bayani, rasit ɗinsa kuma a bayan takardar littafin makaranta yake rubuta shi. Sannan matakalar dutsen da suka yi wajen shiga ba a tuna da mai keken guragu ko mai tura keken jariri ba, sai da muka yi magana suka buɗe wata ƴar gangara a gefe, ita ma ta yi ƙunci.

In za ku kira su ku fara magana tun rani don dashe ya shiga ƙasa a Mayu ko Yuni, ku sa ban ruwa da canjin wanda ya mutu a rubuce shaidu su sa hannu, ku biya kashi-kashi. Mu har yanzu ragowar kuɗinsa na hannuna, mun yi da shi sai ya canza ɗorawar da suka bushe ya faɗaɗa gangarar nan sannan ya karɓa, ya ce ya ji, ruwan fari na sauka zai shigo da su.