Hita da akumuleta a ɗakin sanyina na Agege: abin da na gani cikin wata takwas

Kifin ƙanƙara nake sayarwa a Agege, kote da titus da shawa, daga Ijora nake ɗauko su, sai kaji kaɗan. Ɗakin sanyin ba wani babba ba ne, amma shi ne jarina kaf. Kwamfresa, wato injin da ke matsa gas ya kawo sanyi, guda biyu na binne cikin shekara ɗaya da rabi, kuma babu wadda ta mutu tana cikin aiki. Dukansu wajen tashi suka tafi. A dawo da wuta bayan dogon ɗaukewa, ka ji kwas-kwas-kwas kamar ana buga guduma cikin tukunya, shi ke nan.

Mai gyara na farko ya ce wuta ce, na sayi sitabilaiza. Ta biyun ma ta bi 'yar'uwarta. Sai wani maƙwabcina mai sayar da nama a Oko-Oba ya haɗa ni da wani injiniya ɗan Zariya, wanda kafin ya ce uffan sai da ya yanka tsohuwar kwamfresar da garanda. Ya ɗora mini wani ɗan ɓallin ƙarfe a tafin hannu, bai kai farce ba, ya ce, "Alhaji, wannan harshen bawul ne. Ba wuta ce ta karya shi ba, ruwa ya sha."

Na ce wane ruwa kuma? Ashe gas ɗin da ake ɗurawa, nawa R404A ne, idan inji ya tsaya ba ya zama wuri ɗaya. Yana bin sanyi, ya je ya kwanta a matsayin ruwa cikin kwayil, wato naɗaɗɗen bututun da ke ba da sanyi a ɗakin, wani kuma man kwamfresa ya tsotse shi. Ita kuwa kwamfresa tururi aka yi ta ta matsa, ruwa ba ya matsuwa. Tana tashi sai ta zuƙo wancan ruwan gaba ɗaya, fistin ya daki abin da ba ya lanƙwasa. Wanda ke cikin man kuma ya tafasa nan take don matsin ya faɗi, man ya zama kumfa ya gudu, ƙarfe ya ci ƙarfe. Ya sa na durƙusa na leƙa ɗan gilashin duba mai na sabuwar kwamfresar a tashinta na farko da safe. Wallahi fari fat, kamar an kaɗa sabulu a bokiti. Da idona na gani, shi ya sa ban yi ciniki da yawa ba.

Abu huɗu ya saka, a Lawanson muka sayo su. Hita, wata ɗamara ce da ake ɗaura wa gindin kwamfresa, tana kamawa idan injin ya tsaya, ta bar man da ɗumi don kada gas ya kwanta ciki. Akumuleta, tulun ƙarfe a kan bututun da gas ke dawowa kwamfresa ta cikinsa. Sai bawul mai lantarki a bututun da ke kai ruwan gas zuwa kwayil, wanda ke rufewa idan sanyi ya kai, kwamfresa ta kwashe abin da ya rage a kwayil sannan ta tsaya. Na ƙarshe taima mai jinkirta tashi minti 5. Duka da kuɗin aiki ba su kai rabin kuɗin kwamfresa ɗaya ba.

Idan za a tambaye ni wanne ya fi cin kuɗinsa, akumuleta ce, babu tantama. Ba ta neman wuta, ba ta neman kowa ya tuna da ita. Ruwan da ya taho ya zube a ƙasan tulun, bututu mai lanƙwasa a ciki ya ɗebi tururi daga sama, wata 'yar huda a ƙasa tana mayar da mai da kaɗan-kaɗan. Tun ranar ban sake jin wannan bugun ba. Aibinta ɗaya, tana zufa dare da rana, ga iskar Legas mai gishiri, wata uku tsatsa ta fara cin ƙafarta. Sai da aka sake fenti aka naɗe ta da soso. Da tun farko aka yi haka da ya fi.

Hitar ce nake da magana a kanta. Aikinta na gaskiya ne, daren da wuta ta kwana, da safe gilashin mai tas yake, ba kumfa. To amma waɗanda suka ƙera ta sun ɗauka inji ne ke hutawa wuta tana nan. Mu a nan wutar ce ke tafiya, ta tafi da inji da hita tare. Lokacin da aka fi bukatarta, lokacin take sanyi ƙalau. Takardar kwamfresar ma cewa ta yi a kunna hita awa 12 kafin tashi bayan doguwar tsayawa. Wa zai zauna awa 12 yana kallon katan ɗin titus yana narkewa? Injiniyan bai faɗa mini wannan ba sai da na kira shi da kaina, kuma nan ne kawai na ga gazawarsa. Da ya zo ya ce, "Gaskiyarka, Alhaji." Ya ja mata waya daban zuwa 'yar inbatar da nake haska shago da ita, tunda cin wutarta bai wuce na tsohon ƙwan fitila ba. Batirin yana kai mu asuba, in dai ba a kwana ana cajin wayoyin 'yan layi a kansa ba.

Taimar kuwa rigima ta jawo mini da yarona. A tada janareta, inji ya yi shiru, shi kuma hankalinsa ya tashi. Rannan na same shi da sukundireba yana danna kwantakta, wato makunnin da ke ba kwamfresa wuta, da hannu, wai yana taimaka mata. Na ƙwace, na sa kwaɗo a akwatin, makullin yana aljihuna.

Mai firiza ta gida bai da bukatar duk wannan, taima ta ishe shi. Mai ɗakin sanyi irin nawa, musamman idan bututunsa dogo ne kuma gas ɗin da yawa, ya fara da akumuleta da bawul ɗin, hita ta biyo baya, kuma kafin a ɗaura ta ya tambayi mai gyaran daga ina za ta sha wuta idan an ɗauke. Damina ta wuce a kan wannan kwamfresar, har da lokacin nan a watan Yuli da muka yi kusan kwana biyu a kan janareta muna kashewa muna kunnawa don dizal, kuma jiya da na leƙa gilashin man yana nan a rabi.