Sharhi: Mako uku ina yawo a kufan Nomai a wasan Outer Wilds

Na sayi Outer Wilds ne da tunanin cewa irin wasannin sararin samaniyan nan ne da aka saba, a ba ka bindiga da kumbo ka je ka fafata da wasu halittu. Ashe ko sanda babu a cikinsa. Abin da aka ba ni shi ne ɗan kumbo da aka harhaɗa da katako da tarkacen ƙarfe, da rigar sama jannati, da wata na'urar fassara. Na yi kusan mako uku ina buga shi da daddare, kuma tun da na gama ban daina tunanin mutanen da ban taɓa tarar da su a garuruwansu ba.

Kamfanin Mobius Digital ne ya ƙirƙiri wasan, Annapurna Interactive suka fitar da shi a 2019. Asalinsa aikin kammala digiri na biyu ne na Alex Beachum a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, kuma a 2020 ya ci kyautar BAFTA ta wasan da ya fi kowanne. Ana samunsa a kwamfuta da PlayStation da Xbox da Switch. Ni a kwamfuta na buga.

A wasan, kai ɗan wata ƙabila ne mai ido huɗu da ke zaune a wata ƙaramar duniya mai itatuwa, Timber Hearth, kuma yau ce ranar tashinka ta farko zuwa sama. Ka farka kusa da wuta, ka karɓi lambar tashi, ka hau kumbo. Bayan minti 22 rana za ta kumbura, ta yi ja, ta tsuke, sannan ta tarwatse ta ƙone komai. Sai ka sake buɗe ido kusa da wutar nan, kamar ba a yi ba. Haka za a yi ta yi. Ba ka tsira da komai daga wannan zagaye zuwa wancan sai abin da ka sani, da abin da kundin kumbonka ya rubuta.

Karon farko ban ma lura da ranar ba. Ina tsaye a kan watan duniyarmu ina dube-dube sai na ji wani kiɗa mai sanyi ya taso, na ɗaga kai na ga wani haske shuɗi yana tahowa. Daga baya duk lokacin da na ji kiɗan nan, in ina tsakiyar karatu sai hannuna ya fara rawa don sauri.

Karatun kuwa shi ne wasan. Fiye da shekara 280,000 kafin zamaninka wata al'umma mai ido uku, Nomai, ta zauna a waɗannan duniyoyi. Baƙi ne, daga nesa suka zo suna bin wata alama da suka ji, wadda ta girmi sararin samaniya kansa, suka sa mata suna Idon Duniya. Babban jirginsu ya maƙale, suka watse cikin ƙananan jiragen tsira guda uku, waɗanda suka rayu suka kafa garuruwa, suka hayayyafa, suka gina tashoshi har kusa da rana. Sai kuma suka ɓace gaba ɗaya, suka bar kufai da ƙasusuwa. Ba zan faɗi abin da ya same su ba, don wanda ya faɗa maka ya cuce ka.

Abin da ya kama ni shi ne yadda suke rubutu. Ba a miƙe suke yi ba. Mutum ɗaya zai zana maganarsa a bango a murɗe kamar dodon koɗi, wanda zai ba shi amsa sai ya fitar da tasa daga jikin ta farko kamar reshe, na uku ma ya ƙara nasa. Kana ɗora na'urar fassara a kan reshe ɗaya bayan ɗaya kana jin hira: wannan ya kawo shawara, wancan ya ce ba za ta yiwu ba, wata ta tsokani ƙawarta. A hankali sai ka fara gane sunaye, Poke da Pye da Clary da Yarrow, ka san wa ke da zafin nama, wa ke da taka-tsantsan. Rubutun yaransu ma daban yake, a karkace, hannu bai nuna ba. Na yi zaton zan tarar da labarin daular da ta ci ƙasashe da yaƙi. Abin da na tarar mutane ne masu yawan tambaya, waɗanda ke murna idan gwaji ya ƙaryata su don sun ƙaru.

Akwai wani wuri a ƙarƙashin duniyarmu da na daɗe a tsaye. Nomai sun zo haƙar ma'adinai, sai suka ga wasu 'yan mitsi-mitsin halittu masu ido huɗu a cikin ruwan kogon. Suka tattauna, suka tattara kayansu suka koma haƙa a wani wurin don kada su cutar da su. Kakannin kakanninka ke nan. Ka zo bayan dubban shekaru kana karanta yadda wasu da ba su san za ka zo ba suka tausaya maka. Wallahi sai da na ajiye abin buga wasan na ɗan zauna shiru.

Duniyoyin ƙanana ne, cikin 'yan mintuna za ka zagaya kowacce, amma babu wadda take zaune lafiya. Brittle Hollow ɓawo ce kawai, a tsakiyarta akwai baƙin rami mai zuƙe duk abin da ya kusance shi, watanta kuma yana yi mata aman duwatsun wuta, sai ƙasa ta riƙa zaftarewa gutsure-gutsure tana faɗawa ciki. Garin Nomai na nan a rataye ƙarƙashin ɓawon. Hanyar da ka bi a minti na biyar, a minti na goma sha biyar babu ita. Giant's Deep ruwa ce zalla, guguwarta takan ɗaga tsibiri sukutum ta wurga shi sama, ya dawo ya faɗo. Sai tagwayen nan, Ash Twin da Ember Twin, inda yashi ke kwarara daga ɗaya zuwa ɗaya: wannan tana tonuwa gine-ginenta na bayyana, waccan tana cika koguna na toshewa. A can na fi shan wahala. Sau uku yashi yana matse ni da rufin kogo ina neman hanyar garin da ke ƙarƙashin ƙasa, ga iskar shaƙa tana ƙarewa, ga duhu.

A garin ne na ga hikimar masu wasan, kuma nan zan ɗan ɓata muku abu ɗaya tak. Akwai ƙasusuwan wani ƙaton kifi a wani kogo, kusa da shi yaran Nomai sun rubuta dokokin wasansu: wanda zai zama kifi sai an ɗaure masa ido, sauran su lallaɓa su wuce. Na karanta na wuce abina. Kwana biyu bayan haka ina cikin hazon wata duniyar mai suna Dark Bramble, inda irin kifayen nan masu rai suka haɗiye ni har na fara tsoron shiga, sai maganar yaran ta faɗo mini. Makafi ne, da ji suke farauta. Na kashe injin, na bar kumbo yana shawagi, na wuce ta gaban bakinsu ina riƙe da numfashi kamar da gaske za su ji ni. Babu wani maɓalli da aka buɗe mini, babu ƙarin ƙarfi. Tun daren farko ina iya wucewa, sani ne kawai ba ni da shi.

Sai dai a san abin da za a shiga. Tuƙin kumbon yana bin ƙa'idar motsi ta gaske: in ka ba shi wuta ba zai tsaya don ka saki ba, sai ka ba shi wuta ta baya daidai gwargwado. Kwanakin farko na fi yin karo da duniyoyi a kan sauka a kansu. Akwai tuƙi mai sarrafa kansa, amma miƙewa yake yi kai tsaye, in rana ce a tsakaninka da inda za ka, cikinta zai kai ka, don haka a duba hanya kafin a danna. Da kwanturola ya fi daɗi a kan kibod. Wanda juyin hoto ke sa wa jiri ya riƙa hutawa. Ba a magana da murya a wasan, komai rubutu ne, kuma babu fassarar Hausa, don haka wanda karatun Ingilishi ke yi wa nauyi zai rasa rabin daɗin. Haka nan ba mai nuna maka inda za ka. Wani dare na yi awa biyu ban gano komai ba, na kwanta da haushi. Washegari na buɗe kundin kumbo na ga wurin da aka yi wa alamar cewa akwai saura, na koma, ashe ƙofar tana bayan inda na tsaya.

A 2021 an fitar da ƙari mai suna Echoes of the Eye, da wata al'ummar daban da ta riga Nomai. Shawarata a gama na farko tukuna. Kuma don Allah a guji bidiyon YouTube masu bayyana mafita, domin wannan wasa sau ɗaya ake buga shi a rayuwa. Abin da ka sani ka riga ka sani.

Akwai wata na'urar sauraro da ake ba ka tun farko. 'Yan'uwanka da suka riga ka tashi suna warwatse a duniyoyin nan, kowa na zaune kusa da wutarsa yana kaɗa abin kiɗansa, wani ganga, wani sarewa, wani kuma fito kawai yake yi. Ba sa jin juna. Wani zagayen ban je ko'ina neman komai ba, na tuƙa kumbo na yi nisa har duniyoyin suka taru wuri guda a gabana, na saita na'urar, sai na ji ashe duk waƙa ɗaya suke yi. Na bar ta a kunne har ranar ta fashe.