Gwajin ƙwayoyin gado na 23andMe da batun ciwon damuwa

Aikin wannan kamfani na Amurka mai sauƙi ne: mutum ya tofa yawu a kwalba ya aika, bayan makonni sakamako ya fito ta intanet. Na yaba da gudummawarsa ga ilimi, domin bayanan abokan cinikinsa ne suka taimaka aka gano wurare 15 a ƙwayoyin gado masu alaƙa da ciwon damuwa a 2016. Sai dai matar da ke son sanin ko haihuwa tun tana ƙuruciya za ta jefa ta cikin damuwa ba za ta sami amsa a nan ba, saboda alaƙar da masana suka gani ta taron jama'a ce, ba ta mutum ɗaya ba, kuma yawancin waɗanda aka yi binciken a kansu masu asalin Turai ne. Satar bayanan kimanin mutum miliyan 6.9 a 2023 ma ta rage mini natsuwa da shi matuƙa.