Tazarar tayoyin gaba da na baya: abin dubawa kafin sayen motar gudu

A takardar bayanin mota akwai lambobi biyu da masu saye kan tsallake: tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba biyu, da ta na baya. Ana auna ta daga tsakiyar taya zuwa tsakiyar ɗaya tayar. Idan mota ta shiga kwana, nauyinta yana komawa kan tayoyin waje. Tazara mai faɗi tana rage wannan karkatar, sai tayoyin su fi riƙe kwalta. Ɓangaren da aka faɗaɗa shi ke ƙara riƙo. A faɗaɗa gaba, mota ta fi bin sitiyari. A faɗaɗa baya, ta rage wutsil-wutsil.

Mazda MX-5 ta 2015 ita ce mafi sauƙin sha'ani. Inji a gaba, tayoyin baya ke tura ta, nauyi kusan rabi da rabi, tazarar gaba milimita 1,495, ta baya 1,505. Bambancin bai kai faɗin yatsa ba, tayoyin huɗu kuma girmansu ɗaya. Toyota GR86 ma hanyar ta bi, sai dai bayanta ya ɗan ƙara buɗewa: 1,520 a gaba, 1,550 a baya. Wanda bai taɓa riƙe motar gudu ba, a ganina cikin waɗannan biyun zai zaɓa, domin idan baya zai zame sukan sanar da direba da wuri.

Porsche 911 kuwa wata aba ce daban. Injinta yana can bayan tayoyin baya, don haka kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin yana baya. Shi ya sa 911 Turbo ta 1975 ta fito da faffaɗan ƙugu. A 911 Carrera S ta 2019, faɗin tayar gaba milimita 245 ne, ta baya 305, kuma kamfanin ya ƙara faɗin gaban motar da milimita 45 don hancin, wanda ba shi da nauyi, ya daina tafiya miƙe a kwana. A nan lambar takarda kan ruɗi mutum: tunda daga tsakiyar taya ake awo, taya mai faɗi tana iya sa tazarar baya ta fito ƙarama alhali motar ta fi buɗewa a can. Ga kuma kuɗi: tayar gaba ba ta komawa baya, kuma na baya ne ke saurin cinyewa.

Honda Civic Type R da tayoyin gaba take ja, su ke juyawa, su ke ɗauke da inji, saboda haka gabanta ya ɗan fi bayanta faɗi. Mai iyali da ke son gudu, nan ya dosa.

Idan ta hannu za ka saya, sa bakanike ya kwance taya. Wasu kan cusa faifan ƙarfe a bayan wili don taya ta fito waje motar ta yi kyan gani. Wannan yana ƙara wa boris nauyi, yana canza yadda sitiyari ke amsawa a rami ko lokacin taka birki, kuma idan baya kaɗai aka yi wa, motar kan ƙi shiga kwana. Duba lambar ET da ke jikin wili, wadda ke nuna yadda wilin ya shige ciki ko ya fito waje, ka gwada da wadda kamfani ya rubuta, sannan ka leƙa gidan taya ko akwai alamar guga.