Kaka ɗaya da Yamaha YZ125 na hannu: sau uku yana tsaya mini ranar tsere

A watan Fabrairu na sayi babur ɗin, na hannu, ƙirar 2016, wajen wani mutum da ke zaune a wani ƙauye a yankin Shropshire na Ingila. Ya rantse mini fistin ɗin sabo ne, bai yi awa biyar a ciki ba. Na buga kik ya tashi, na ji ƙarar ta yi mini daɗi, na biya ko ƙwaƙƙwaran ciniki ban yi ba. Yanzu kakar tsere ta ƙare, na shiga tsere sau goma sha ɗaya da shi, don haka ina ganin na kai in faɗi wani abu a kansa.

Ga wanda bai san harkar ba, motokuros tseren babura ne a filin ƙasa da aka zagaye, mai tuddai da ramuka da laka, inda ake tashi sama a dira. A Ingila aka faro shi, a Camberley, a 1924. Ni a Hawkstone Park na fara ganinsa da idona, wani filin yashi da ya yi suna, kuma tun daga ranar na kamu. Mu 'yan sa-kai ne, babu mai biyan mu ko sisi. Kulob ɗinmu yana ƙarƙashin AMCA, ƙungiyar masu tseren sha'awa da aka kafa a 1932. Ranar Lahadi ake yi, kowa da motarsa da akwatin sifanarsa, kai ne direba kai ne bakanike. Da na gaya wa yayana a waya, cewa ya yi, "Kai da ka tafi neman abin kanka, ka koma biyan kuɗi don ka karya ƙafa?" Na ce, "Yaya, ai da hular kwano nake." Bai yi dariya ba.

YZ125 injin bugu biyu ne, irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai, kamar Vespar mahaifinmu da muka taso muna turawa da safe. Iyakar kamarsu ke nan. Wannan da ruwa yake sanyaya kansa, giyarsa shida, gangar jikinsa ta alminiyam ce tun ƙirar 2005, nauyinsa da mai a ciki bai kai kilo 100 ba. Yamaha ta fara fitar da shi a 1974, kuma ko da Honda ta daina yin nata CR125 bayan 2007, ita ba ta daina ba. Amfanin wannan ga talaka shi ne kayan gyara. Injin bai sauya wani abin kirki ba daga 2005 zuwa 2021, saboda haka duk filin da ka je, da wuya ka rasa mai abin da kake nema a cikin motarsa. Shokozobansa na kamfanin KYB kuwa sun rufa mini asiri ba sau ɗaya ba. Na sha dira a karkace babur ya haɗiye kuskuren, ya miƙe abinsa.

Tsayawar farko ta zo a tserena na biyu. Sanyin safiyar watan Afrilu, mu kusan talatin mun jeru a bayan ƙarfen tashi, wanda sai ya faɗi ake sakin babura, kowa yana murza totur. Na daɗe a layi injin yana zaune a silo, ashe cok ɗin da na ja tun a wajen mota ban mayar ba. Ana ɗaga allon da ke nuna saura daƙiƙa 15 a tashi, sai ƙarar ta koma kamar mai mura, ya yi tari biyu, ya ɗauke. Na buga kik, na buga, na buga. Ƙarfe ya faɗi, jama'a suka watsa mini laka a fuska suka wuce, aka bar ni ni kaɗai ina ta fama da ƙafa gaban 'yan kallo. Na tura shi zuwa mota kaina a ƙasa. Da na kwance fulogi, kansa baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf da mai. Ga cok, ga soson tace iska da na tsuma da mai har yana ɗiga, ga kuma baƙin man da nake zubawa a fetur da ido, yadda na ga baba yana yi. Littafin babur ɗin ya ce kashi 30 na fetur, ɗaya na mai, wato kusan mililita 167 a lita biyar. Minti uku gyaran ya ci, da sabon fulogin da maƙwabcina ya ba ni. Tun daga nan nake yawo da guda uku da kofin awo.

Ta biyu rowa ce ta jawo. Sarƙar da na taras a jiki ta saki, na ga wata mai lamba 520 a wani shagon intanet, ba ta da suna, rabin kuɗin ta kirki. Na ɗora ta a kan tsofaffin haƙoran da suka riga suka lanƙwashe. A zagaye na huɗu, ina na bakwai, matsayin da ban taɓa kaiwa ba, na dira daga wani tsalle sai na ji injin ya yi kuka babu ja. Mahaɗin sarƙar ya fita, ita kuma tana can kwance a laka kamar mataccen maciji. Allah ya taimake ni ba ta nannaɗe ta fasa jikin inji ba, don hakan na faruwa. Araha ba ta ado.

Ta uku ita ce ta sa na ƙara son babur ɗin, duk da ita ta fi tayar mini da hankali. Watan Yuli ne. Na fita zagayen gwaji na safe na ji ba ya ja kamar da, ina fitowa kwana sai ya yi nauyi. Da na dawo na kashe, na sa hannu kawai na danna kik, ya tafi ƙasa salim alim, babu wata turjiya. Wani dattijo da ke faka motarsa kusa da tawa, wanda jikansa ke tsere a ajin yara, ya danna shi ma, ya dube ni ya ce ringi ya tafi. Na ce masa ai an ce mini fistin sabo ne. Ya yi murmushi irin na wanda ya ji wannan magana sau ɗari.

Akwai motar masu sayar da kayan gyara a filin, kuma suna da fistin da ringi da gasket na wannan ƙirar. Muka shimfiɗa tsohon bargo a ƙasa. Muka cire kujera da tanki, muka zubar da ruwan lagireto a bokiti, muka sauke salansa, muka kwance kan silinda, muka saki ɗan ƙarfen da ke motsa bawul ɗin hayaƙi, silinda ta zaro. Ringi ɗaya ne tak a fistin ɗin, ya cinye ya manne a raminsa, gefen fistin ya yi baƙi har ƙasa. Ba awa biyar ba, ko hamsin aka ce ya yi ba zan musa ba. Dattijon ya zura yatsa cikin silinda ya shafa a hankali, ya ce ba ta karce ba, na tsira. Kafin in taɓa 'yar wayar da ke riƙe fil ɗin fistin, ya buge mini hannu, ya cusa tsumma a bakin injin. Ya ce in wannan 'yar wayar ta faɗa ciki, sai dai in loda babur in tafi gida. Ina cire ta kuwa ta yi tsalle ta faɗa kan tsumman.

Tseren farko na ranar ya wuce muna durƙushe. Cikin awa ɗaya da rabi muka haɗa komai, muka tayar da shi ya yi zafi, muka bari ya huce, muka sake. Na fita tsere na biyu ina lallaɓa shi, na zo na ashirin da wani abu, ina ta washe baki cikin hula. Na tambayi masu babur mai bugu huɗu ko za su iya wannan a kan bargo. Baburansu suna da bawul da sarƙar cikin inji da za a saita, yawancinsu cewa suka yi gida za su nufa. Dattijon ya ƙi karɓar ko fam ɗaya, shayi kawai ya yarda na saya masa.

Amma kada wani ya ɗauka babur ne na hutu. Duk inji mai girman cc 125 irin wannan, ƙarfinsa a sama yake, dole ka riƙe shi yana ihu, yatsa a kan kuloci, ƙafa ba ta hutawa da sauya giya. Ka shiga kwana da giyar da ba ita ba, ya kwanta maka. A laka mai zurfi ko wajen tashi, masu 250 mai bugu huɗu suna barin ka a baya. Kujerar ta kusa mita ɗaya daga ƙasa, ni kuma gajere ne, sai na sa katako a ƙarƙashin ƙafa a layin tashi. Ba shi da maɓallin tayarwa, in ka faɗi a zagayen ƙarshe numfashi ya ƙare, wannan kik ɗin sai ka ji kamar dutse kake ɗagawa. Ba shi da fitila ba shi da lamba, ba a hawa titi da shi, don haka kuɗin motar ɗaukarsa ma na nan.

Wanda zai sayi na hannu, ya ɗauka fistin ɗin tsoho ne ko me mai sayarwa ya rantse da shi, ya sa kuɗin sabo a cikin ciniki. Ni na ɗaura masa agogon ƙidayar awanni, ina buɗe shi duk awa 25 in duba. Akwatina yanzu akwai fulogi, mahaɗin sarƙa biyu, hannun kuloci da na birki, tif na gaba da na baya, da fistin a kwalinsa. Na yi niyyar sayar da shi in koma 250 a kaka mai zuwa, har na ɗauki hotuna. Jiya na goge su, na yi odar sababbin haƙoran sarƙa.