Mitar UNI-T UT210E a aikin wayarin mota: inda take da ƙarfi da inda ta gaza

Mota ta kwana lafiya, da safe a murɗa makulli a ji "ƙas-ƙas" kawai. Mutane da yawa kan ruga su sayi sabon batir, alhali sau da dama laifin na kan batirin ne da ya yi tsatsa, ko wani abu da ke shan wuta cikin dare. A wannan matsala ta biyu ne UT210E ta fi nuna amfaninta.

Ƙaramar mita ce mai baki kamar na ƙaguwa, tana aiki da batir AAA guda 2. Tana auna wutar DC, wato irin wutar batirin mota, a matakai uku: 2A, 20A da 100A (A na nufin amfiya), kuma a matakin 2A tana nuna har 1mA, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. Mita ta yau da kullum sai an cire kan batir an sa ta a tsakani, wanda ke tada kwamfutocin motar ya ɓata awon, wani lokacin ma fis ɗin mitar ya ƙone. Ita wannan maƙala ta kawai ake yi a wayar nagetif.

Don gano ko wani abu na shan wuta, a kashe komai, a rufe ƙofofi, a jira minti 30 zuwa 45 kwamfutocin su yi barci. A sa mitar a 2A, a danna SELECT ta koma DC, domin duk lokacin da aka kunna ta a AC (irin wutar gida) take farawa, kuma wannan abin haushi ne ga mai aikin mota. Sai a riƙe ta kusa da wayar, a daidai yadda za a maƙala ta, a danna ZERO, sannan a maƙala. Kada a yi wasa da wannan matakin: juya ta kaɗan ma yana sauya lambar, saboda maganaɗisun ƙasa yana shafar ta. Ƙasa da 50mA lafiya ne a yawancin motoci. Idan ta nuna 300mA ko fiye, a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Idan an gama fis ba ta faɗi ba, a duba altanato, wato na'urar da ke cajin batir, domin diyod ɗinsa da ya lalace yana zuƙe batir ko da mota a kashe.

Wajen auna ƙarfin batir da wayoyinta biyu, ba ta da matsala. Batir cikakke da ya huta yana nuna 12.6V, a 12.2V ya kai kusan rabi. Yayin tada mota kada ya sauka ƙasa da 9.6V. Inji na aiki, a sa ran 13.5V zuwa 14.7V.

Inda ta gaza shi ne kik, wato na'urar da ke juya inji yayin tada mota. Kik ɗin ƙaramar motar fetur kan ja fiye da 100A, na dizal kuwa ya ninka haka, don haka ba za ta auna shi ba. Bakinta ma milimita 17 ne, wasu wayoyi masu kauri da aka naɗe tare ba sa shiga. Amma akwai mafita: a sa ta a DC na bolt, jan waya a kan fozitif na batir, baƙar a kan babban ƙusan kik, wani ya murɗa makulli. Fiye da 0.5V na nufin wayar ko mahaɗinta na cinye wuta. A maimaita tsakanin nagetif da jikin inji, inda bai kamata ya wuce 0.3V ba. Idan duka biyun sun yi daidai, ƙaramar wayar solinoyid kuma tana samun wuta amma kik bai juya ba, a sauke kik ɗin a duba buroshinsa da solinoyid.

Mai mota da mai koyon wayarin za ta wadatar da su. Wanda ke aikin manyan motocin dizal kullum sai ya haɗa ta da wata mai kai 400A ko 600A a DC.